Maigidana Ya Kulle Firiza Saboda Karensa

Anti, don Allah ki ba ni shawara kafin in aikata abin da zan yi da-na-sani. Shekarata ashirin da bakwai da aure, ban taɓa kai ƙarar maigidana wurin kowa ba, yau ga ni ina kawo ƙararsa jarida a kan kare.

Da ya yi ritaya daga tuƙin babbar mota sai ya sayo kwikwiyo, wai saboda gadi. Abincin buhu na kanti yake ba shi, yana can bayan gida, ba ruwana da shi. Bara ne ya ga wani mutum a waya yana cewa abincin kanti cuta ne, kare ɗanyen nama ya kamata ya ci. Tun daga ranar gidanmu ya koma mahauta. Kullum da safe sai ya shigo da leda tana ɗigar jini: wuyan kaji, hanta, huhu, tumbi. A kan katakon da nake yanka albasa yake yankawa, da wuƙata, ya auna a ɗan sikeli kamar mai sayar da zinare. Mutumin da bai san sunan maganin hawan jinin da nake sha ba, ya san giram nawa na hanta kare zai ci ranar Talata.

Mahaifiyata tana wurinmu, ta haura tamanin. Watan jiya amai da gudawa suka kwantar da ita, kwana biyar muna asibiti. Likita ya tambaye ni ko muna ajiye ɗanyen nama kusa da dafaffen abinci. Kunya ta kama ni, domin sau nawa na goge ruwan ledarsa daga kan murfin kwanonta a firij. Da na faɗa wa maigida, cewa ya yi tsufa ne kawai. Sau ɗaya ya leƙo asibitin, ko zama bai yi ba, wai lokacin abincin kare ya yi. Matar ɗana kuwa ta daina kawo mana jikanmu mai rarrafe, kuma ban ga laifinta ba.

Ranar da aka sallamo mu na kwashe naman duka na zubar, na zuba wa karen ragowar abincin buhun. Kwana biyu ya yi yana zawo. Maigida ya tsaya a tsakar gida, a gaban mahaifiyata, ya ce, "Guba kika ba shi." Washegari ya sayo wani naman ya zuba a firizar da na saya da gumina na ɗinki, ya sa mata kwaɗo. Yanzu ko kifina zan ciro sai na roƙi mabuɗi.

Kwana goma sha tara ke nan daga gaisuwa ba abin da ke haɗa mu. Ƙanena ya ce zai zo ya ɗauke karen ya kai wata gona ranar da maigida ya fita. 'Yata kuma ta ce in tattara mu koma wurinta ni da tsohuwa. Ban tsani dabbar nan ba, Anti, wani lokacin ma shi kaɗai ke murnar ganina a gidan. Wanne zan yi?

Mai ɗinki

*

'Yar'uwata mai ɗinki, ɓacin ranki yana kan hanya. Ɗanyen nama yakan ɗauki ƙwayoyin cuta, su bi wuƙa da katako da kwanon kare da bakinsa, kuma tsofaffi da jarirai ne suka fi saurin kamuwa. Ba zan iya rantsewa cewa shi ya kwantar da Mama ba, likitan ma tambaya ya yi. Amma irin ajiyar da kika kwatanta haɗari ce, dole ta tsaya.

Kada ki bari ƙanenki ya ɗauke karen. Yau ke aka yi wa laifi. Ranar da kare ya ɓace, ke za ki zama mai laifin, maganar Mama kuma ta bi ruwa. Zawon da ya yi ba guba ba ne, cikin kare yakan ɓaci idan aka sauya masa abinci dare ɗaya, balle buhun da ya daɗe a buɗe. Wannan bayanin ya fi kyau maigida ya ji shi daga bakin likitan dabbobi. Ki ce ku je tare. Mutumin da ke auna hanta a sikeli zai so ya ji ko abincin nan yana ba karensa duk abin da jikinsa ke bukata. Idan ya ƙi na kanti, ana iya dafa naman bayan an cire ƙashi. Idan ya dage sai ɗanye, to ya nemi wuƙarsa da katakonsa da wurin ajiyarsa a wajen kicin, ya cire kwaɗonsa daga firizarki.

Ki duba ɓangarensa kaɗan. Shekaru yana kan hanya, ya dawo gidan da ya saba tafiya ba tare da shi ba, ya sami abu guda da ke jiran hannunsa. Wannan ba uzuri ba ne ga kalmar da ya jefe ki da ita a gaban mahaifiyarki. Ki same shi ku biyu, ki ajiye zancen nama, ki faɗa masa cewa kwana biyar kika yi a asibiti ke kaɗai, kuma kina jiran ya janye maganar guba. Idan ya ƙi saurare, ki sa ɗanku ya yi masa magana, tunda saboda naman nan ne matarsa ta daina kawo jikanku.

Kafin nan, ki kai Mama wurin 'yarki ta ƙarasa murmurewa. Ki gaya masa da bakinki dalilin kai ta, da abin da za a gyara kafin ta dawo, sannan ke ki koma ɗakinki. Allah ya ba Mama lafiya, ya sanyaya miki zuciya, ya sa maigida ya ji.