Ƙofar da Ka Bari a Hannun Dama

Zuwa ga Yayana Lawali magini,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, da fatan Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Ni ne ƙanenka Bala, wanda kake kira Shegen Gida. Yau kwana arba'in da shida da munka kai ka. Inna tana lafiya, gero ya fara fitar da kai a Nasarawa Burkullu, kuma katangar da ka fara a gidan Baffa Haliru tana nan inda ka tsaya. Na yi wata ɓarna ne, kuma kai kaɗai ya kamata in gaya wa.

Ka tuna gem ɗin nan da ka zo da shi daga Gummi bara, bayan ka gama ginin shagon wani Alhaji? Ɗan abu kamar sabulun wanki, mai gilashi a fuska, tubala masu launi suna faɗowa daga sama, ja da kore da shuɗi da rawaya. Aikin mutum ya juya su ya jera. Layin da ya cika ba kafa sai ya ɓace, in kuma tulin ya taɓa sama an mutu. Ka ce wanda ya ƙera shi ko dai magini ne ko ɗan magini.

A wurin aiki kullum maganarka ɗaya: kada ka bar kafa, ruwa da ƙadangare ita suke nema. Amma in ka riƙe gem, sai ka cika ko'ina ka bar hannun dama fayau tun daga ƙasa har sama, kana jiran dogon tubalin nan mai kama da sanda ya zo ya share layi huɗu. Na sha yi maka tsiya, ina cewa ga maginin da ke gina wa ƙadangare masauki. Kai kuma ko ɗago kai ba ka yi, sai ka ce: "Wagga ba kafa ba ce, ƙofa ce. Kowane ɗaki da ƙofarsa."

To ga ɓarnar. Ni na fara gano cewa in an kunna abin anka aje shi ba a taɓa ba, can sai ya shiga wasa da kansa. Wata azahar kana wurin gini, Inna tana tsince wake a gindin darbejiya, na lallaɓa na aje mata shi a kan tabarma. Da tubala sunka fara faɗowa ba hannun kowa, ta yi salati ta watsar da faifan. Na haɗe fuska na ce mata ai abin ya san hannun mai shi, duk inda Lawali yake, in ya tuna gida, yatsunsa ne ke motsi a nan. Ka dawo na ba ka labari, ka yi dariya har ka ƙware da fura, ka ce in je in warware mata. Na ce gobe. Goben nan ba ta zo ba har zazzaɓin damina ya kwantar da kai kwana biyar.

Ranar da munka kai ka, ni nake miƙa tubalan da anka rufe ramin ciki da su. Ana jerawa ɗaya kusa da ɗaya, Baffa yana cewa a matsa, kada a bar inda ƙasa za ta zuba. Kafa ta ƙarshe ta gefen dama take, kuma ni anka miƙa wa dunƙulen laka. Da hannuna na liƙe ta, Yaya. Layin ya cika, ka ɓace.

Bayan sadakar bakwai na shigo gida da hantsi na ji ɗan kiɗan nan na gem ɗin. Inna ce zaune, ta ɗora shi a kan cinya, hannuwanta a naɗe, tubala suna sauka. Ta ce in yi shiru, kana aiki. Tun daga ranar ba ta karyawa sai ta kunna ta ga ka taɓa shi. Tana yi maka sannu. In tulin ya yi tsawo sai ta ce ka bi a hankali. Ranar da batir ya mutu ba ta sa komai a baki ba har na dawo daga Bukkuyum da wani.

Baffa ya kira ni zaure. Ya ce abin nan yana neman taɓa mata imani, mamaci addu'a yake so ba gaisuwa ba, kuma ya san ba wanda zai iya dasa irin wagga magana a gidan nan sai ni. Ya ce ko in gaya mata gaskiya da bakina, ko ya ɗauke shi ya jefa a rijiya tana kallo. Na san in ya yi haka, a wurinta sau biyu ke nan anka binne ka.

Sai na yi abin da na iya. Boko ban san shi ba, amma hadda na sani. Kwana uku ina ɗauke shi in Inna ta shiga salla, ina kallon wasan da yake yi da kansa, na ga ashe abu ɗaya yake maimaitawa, tubali bayan tubali, ba ya canzawa. Na haddace shi kamar allo.

Shekaranjiya bayan la'asar na zauna gabanta. Na ce Inna ƙarya na yi miki, ba Yaya ba ne, ƙarfe ne kawai, bari ki gani. Na kunna na aje tsakaninmu, na juya masa baya. Na ce yanzu rawaya mai kusurwa huɗu zai faɗo ya zauna hagu. Ta ce ya faɗo. Na ce kore zai bi shi. Ta ce ya bi. Shida na faɗa a jere, ko ɗaya ban kuskure ba, ina jin muryarta tana ƙara yin ƙasa. Na bakwai na ce shuɗi zai kwanta a kusurwar dama. Ba ta amsa ba. Na sake faɗa. Da na waiga, shuɗin yana hagu.

Muna zaune, kaji suna kiwo a gefenmu, rana da sauranta, muna kallon tubala suna hawa kan juna a miƙe kamar an sa igiya. Ba kafa ko ɗaya. Hannun dama kaɗai anka bari, tun daga ƙasa. Gini ya kai rabi, ya wuce. Na kama kaina ina roƙon dogon sandan nan ya zo. Bai zo ba. Tulin ya taɓa sama, kiɗan ya tsaya.

Na zaci Inna za ta ce mini, "Ka gani?" Sai ta juya abin, ta sa farce ta buɗe bayansa, ta zare batir ɗin da kanta. Ta ce: "Ko shi ne ko ba shi ba ne, mun hana shi hutawa. Mutum ya yi gini duk rayuwarsa." Ta naɗe shi a cikin hularka ta miƙo mini, ta tashi ta ɗora tukunya. Ranar ta ci tuwo ba wanda ya roƙe ta.

Mai gyaran rediyo na Bukkuyum ya ce mini wataƙila abin yana da wasa fiye da ɗaya a cikinsa, ni ne ban dace da ɗayan ba. Wataƙila. Na ce masa haka ne. Ban ba shi ya gwada ba, ni ma ban sake kunnawa ba. Yana cikin akwatina, batir ɗin kuma na sa a tocilan Baffa.

Ba tambayarka nake ko kai ne ba. Gafara nake nema, na sa ka cikin wasan da ba ka nan balle ka ja mini kunne. Inna ta yafe, amma har yanzu in na shigo ina murmushi sai ta duba ƙarƙashin tabarma ko na ɓoye mata wata tsiyar.

Malam ya karantar da mu cewa bawan kirki ana buɗe masa ƙofa a kabari, iskar Aljanna tana shigo masa. Ni na toshe taka ta ƙarshe da laka. Allah Ya buɗe maka wadda ta fi ta, Ya yalwata maka ɗakin, Ya haskaka shi, Ya sa in tamu ta zo mu cika da imani.

Ƙanenka da bai ji magana ba,
Bala