Labulen Wurin Hajiya

Zuwa ga ƙanena Sangkala,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Bayan haka, Allah ya isa tsakanina da kai. Labulen wurin teku da ka aiko don tarbar surukata daga Makka mun rataye shi a ƙofar ɗakinta. Kafin azahar gidan ya ɗauki ɗoyi kamar mushen kifi, baƙi suka bar shayinsu suka gudu. Hajiya ta tambaye ni a gaban mutane ko haka ake kyauta a tsibirinmu. Na san halinka, kai ka taɓa zuba wa liman ƙaguwa a takalmi. Faɗa min me na yi maka.

Yayarka, Ratang, daga birnin Makasar.

Yaya Ratang, matar birni,

Gaisuwa mai yawa, da fatan hancin Hajiya ya warke. Takalmin liman na ɗauka, wannan kuwa ban ɗauka ba. Ke kika ce sai wuri mai ɗigo-ɗigo mai sheƙi, ba wanda ruwa ya watso ya koɗe ba. Kin manta irinsa da ransa ake ciro shi? Sai an binne shi a yashi kiyashi sun cinye naman ciki tas kafin a huda. An tone shi bai yi ba, iyakar abin ke nan. Ki wanke da toka, ki daina zagina a takarda, mai jirgin ruwa yana karantawa.

Naki, Sangkala mai laifi kullum.

Sangkala,

Sallama. "An tone", wa ya tone? Aljanu? Jirgin Juma'a zai dawo da labulen. Na ce a damƙa shi hannun Inna, ta ga irin ɗan da take karewa.

Ratang.

Yaya,

Sallama, ba don halinki ba. Wallahi in labulen nan ya sauka a tsibirin nan, ni da ke sai a Lahira.

Tunda kin matsa, ji. Na bi Kawu kamun kifi, na bar wurin a binne bayan gida. Inna ta ji an ce Hajiya ta kusa sauka, ta tone shi da kanta. Na dawo na tarar ta huda, ta shirya, ta ba mai jirgi, yatsunta duk sun fashe. Tun zazzaɓin damina ba ta jin wari ko kaɗan, tuwon shinkafa ma sai ya ƙone hayaƙi ya cika ɗaki take sani. Ina za ki sani? Rabonki da mu tun bikinki.

Kullum sai ta tambaye ni ko Hajiya ta yaba. Na ce mata Hajiya har hawaye ta yi, kuma ai ban yi ƙarya ba. Jiya ta ce wa maƙwabta yanzu dangin mijinki sun san ba daga gidan banza kika fito ba.

To ki aiko mata, ki sa maƙwabtan su toshe hanci a gabanta.

Sangkala.

Ƙanena,

Sallama. Na sauko da shi daga jirgi. Na binne shi a bayan gida, Hajiya tana kallona ta taga. Na ce mata laifinka ne, ka yi haƙuri, ka saba.

Juma'a ina tafe, ka zo bakin ruwa ka ɗaukar min jaka. Inna kuma, ka ce mata Hajiya tana gaisuwa.

Yayarka, Ratang.