Inna, Sale Ya Tafi Bakin Dutse Mai Aman Wuta

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar ladabi da fatan Allah Ya kai haske kabarinki, 'yarki Hajara ce daga Gagarawa. Inna, akwai abin da ke damuna, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa sai ke.

Autanki Sale ya zo hutu daga jami'a, kin dai san karambaninsa. Ya mulmula yumɓu curi-curi, manya da ƙanana, ya gasa a murhunki, ya jera a tsakar gida yana auna zafinsu yana lissafi. Ƙaramin ya huce kafin in gama tankaɗe, babban kuwa har la'asar ba ya taɓuwa. Wai haka duniyoyi suke. Watan da ke sama ƙarami ne, ya daɗe da hucewa. Tamu kuwa cikinta har yanzu wuta ce, ɓawo kawai muke takawa, inda ya yi rauni nan narkakken dutse ke ɓallowa.

Innalillahi! Tun ranar, ko taɓarya na buga da ƙarfi sai gabana ya faɗi.

Kin tuna Sale yana rarrafe ya dafa tokar da kika rufe garwashi da ita? Ihun nan har yau yana kunnena. Kika ce, "Kada ku yarda da toka don ta yi shiru."

To, malamansa za su tafi da shi wata ƙasa, bakin dutse mai aman wuta, su auna su ga ko lissafinsu ya yi daidai. Na ce in bai yi daidai ba fa? Ya yi dariya, wai abin da za su je dubawa ke nan. Ji fa!

Baba ya bi ki shekarar farin da ya cinye shanu, saura ni. Jiya Sale ya durƙusa gabana, ya ce babbar yaya uwa ce, ba zai ɗaga ƙafa ba sai na sa albarka. In na hana, na kashe karatun da kika sha wahala a kansa.

Na sa masa, Inna. Bakina ne ya faɗa, zuciyata ba ta yarda ba. Da safen nan ya hau motar Gumel, ko zaure na kasa raka shi.

Allah Ya sa wutar nan ta zame masa sanyi da aminci, Ya jiƙan ki da rahama. In ya dawo, albarkarki ce. In bai dawo ba, ni na ce ya tafi. Ki yafe mini.

Taki har abada,
Hajara