Wayar Ɗakin Inna

Garwa, Litinin

Yaya Mahfuzu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Yaya Sharifa da yara, yaya kasuwar Mora? Mu nan lafiya lau, sai zafin Garwa da ka sani.

Albishirinka, gidanmu na Jambutu ya kai shafe! Amma farin cikina bai cika ba, don Inna har yau ta ƙi yarda ta baro garin Gidar. Na je na zauna da ita, na lallaɓa har ta faɗa mini dalili. Ka san tun da Baba Dawuda ya rasu a aikin hajji aka binne shi a can, kullum bayan la'asar tana kunna tashar Makka, ta ce tana leƙa maƙwabtansa. Wai in ta zo nan, jikokinta da ƙwallonsu ba za su bar mata talabijin ɗin falo ba. Yaya, hawaye na yi. Mu muna ta zaton son garinta ne.

Sai na ce da maigidana Mahamat lallai a ja waya daga parabol, farantin kama tashoshi, har ɗakin Inna, kafin magini ya rufe bango. Ɗakin kuwa can ƙarshen tsakar gida yake, kusa da bishiyar mangwaro.

To, ka san surukinka. Jikan 'yan tireda, ɗan mai sayar da atamfa. Ya shiga kasuwa ya zaɓo waya kamar mai zaɓen shadda: fara sol don ta dace da fenti, ga laushi a hannu. Har murza ta yake yana yaba mini. Fulbert mai haɗa parabol ya gwada ta, hoto ya zo yana tsayawa yana kakkaryewa, masu ɗawafi su yi taku ɗaya su daskare. Ya ce siririya ce, zuciyarta baƙin ƙarfe aka shafa wa jan ƙarfe, ba za ta kai hoto wannan nisan ba. Magini kuma ya ce jibi zai shafe bangon, da waya ko babu. Ka taya ni addu'a.

Ƙanwarka,
Hidaya

Garwa, Lahadi

Yaya Mahfuzu,

Ina gaishe ka, ina gaida mutanen gida. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka karanta.

Da kaina na je kasuwa. Fulbert ya ciro mini maganaɗisu daga tsohuwar rediyo, ya ce duk wayar da zuciyarta ta manne masa in ajiye ta. Na ƙulle shi a bakin mayafi, na bi rumfa rumfa ina sa a fere mini bakin waya ina gwadawa. 'Yan kasuwa suna ta dariya, wani har ya tambaye ni ko maganin aljanu nake yi wa wayar. A rumfar wata Berthe na samu wadda ta ƙi mannewa: baƙa, mai kauri, ga saƙar ƙarfe cike a cikinta, mummuna ta gaske. Mahamat ya ce ta yi kama da igiyar ɗaure saniya. Duk da haka shi ya riƙe wa Fulbert tsani, aka zura ta a bututu, magini ya shafe. Farar tasa kuwa ta zama igiyar shanya, kuma ba laifi, tana aikinta.

Jiya Inna ta zo, wai ganin gida kawai, da yamma za ta koma. Ko mayafinta ba ta cire ba. Bayan la'asar na ja ta zuwa ɗakin, na kunna mata talabijin, na fito na bar ta. Da na leƙa, ta jawo tabarma har gaban gilashin. Hoton ya fito tas, har tattabarun harami ana gani suna sauka. Na ji ta tana magana ƙasa-ƙasa, tana gaya wa Baba cewa Hidaya ta yi gida. Motar Gidar ta tashi ba ta ko tambaya ba.

Da safen nan ta ce in rubuta maka. In za ka sauko, ka biya Gidar ka ɗauko mata akwatinta da turminta, ka kulle ƙofa, ka ba maƙwabta kajin.

Taka mai murna,
Hidaya