Tsohuwarka ta Jamus da Irin Dawar Baba

Rikoto, Zuru.

Zuwa ga ƙanena Japhet,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, tare da fatan kana lafiya, kuma sanyin ƙasar Jamus bai taɓa maka ƙirji ba. Allah ya ƙara maka ƙarfin aikin kula da tsofaffin da kake yi. Mu nan da sauƙi. 'Yata Joyce ta warke daga zazzaɓi, maigidana Abel kuma yana ta fama da shagonsa, ko da yake ciniki sai a hankali.

Dalilin wannan takarda shi ne saƙon muryar da ka aiko a kunna wa Baba. Na kunna masa, kuma da na san abin da zai biyo baya da na goge shi. Ka san tun da 'yan bindiga suka tashe mu daga ƙauyenmu na Sakaba, abin da Baba ya tsira da shi kawai zangarniyoyin dawar nan ne, irin da ya gada wajen kakanmu. Ya rataye su saman murhuna don hayaƙi ya kore ƙwari. Ko ranar da muka kwana da ruwan zafi bai yarda an sussuke ko ɗaya ba.

Kai kuma, malam mai wa'azi daga nesa, sai ka kawo masa labarin tsohuwar Bajamushiyar da kake yi wa wanka. Ka ce bayan an ci su a yaƙin duniya na biyu aka kore su daga ƙauyensu tana yarinya, suka taka da ƙafa cikin ƙanƙara. Ka ce kuɗinsu ya zama takardar banza har sigari ya fi shi daraja a kasuwa, uwarta ta ba manomi keken ɗinkinta don buhun dankali, mata suna kwashe ɓaraguzan gidaje da hannu, waɗanda suka ci su da yaƙi kuma suka yanka ƙasar, kowa da rabonsa. Na tausaya mata, Allah ya sani, domin na san yunwa. Amma ka rufe da cewa ba ta taɓa komawa ƙauyen ba, ga ta nan ta haura tasa'in cikin rufin asiri, don haka Baba ya haƙura da Sakaba.

Baba ya saurara har ƙarshe. Daga baya ya tambaye ni ko ka faɗi inda aka binne uban matar. Na sake kunnawa, muka ji ka ce ya mutu a hanya, ita ma ba ta san wurin ba. Ka faɗe shi a gurguje kamar ba kome. Japhet, ka manta ɗan wane ne kai? Mutumin da kowace shekara sai ya share kabarin ubansa kafin ya sa fartanya a gona, shi za ka lallasa da wannan? Ka yi nufin kwantar masa da hankali, sai ka nuna masa ainihin abin da yake tsoro.

Da ruwan shuka ya sauka, na dawo daga coci na tarar saman murhu wayam, babu dawa, babu sungumin Baba, shi ma ba ya gida. Wani mai babur ya ce ya sauke shi a Dirin Daji, daga nan ya kama hanyar ƙauyenmu da ƙafa. Wayarsa ba ta shiga. Abel ya bi shi, sojoji suka mayar da shi daga shingen hanya, suka ce gaba ba ta shiguwa. Raina a ɓace yake da kai, ba zan ɓoye maka ba. Kana can kana share wa iyayen wasu baki, naka kuma ka tura shi daji da labari.

Abel yana gaishe ka, haka yarana Joyce da Sandra, da Inna Hannah wadda ba ta daina kuka ba. Ka gaida matarka. Baba bai bar maka gaisuwa ba, sai saƙo a bakin mai babur. Ya ce a gaya maka in aka ji ya mutu can kada ka wahalar da kanka da zuwa, a bar shi kusa da ubansa, tun da kai ka riga ka gano ana iya rayuwa ba a san kabarin uba ba.

Ni ce yayarka,
Rachael.