Yaya Ishaya, Akwatin Ya Dawo

Zuwa ga yayana Ishaya,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yau kwana tara ke nan wayarka a kashe, shi ya sa na rubuta maka wannan wasiƙa, in ajiye ta har ka dawo ka karanta.

Ka tuna safiyar da ka saki balan-balan ɗinka a filin makarantar da kake koyarwa a Kagoro? Shekara biyu kana haɗa akwatin nan mai kyamara da madubin hangen nesa da ka ɗaura masa. Ka ce in ya wuce gajimare zai ɗauko hoton wata tas, ɗalibanka su zana taswirar ramukansa da hannunsu. Muka bi shi da ido har ya ɓace bayan duwatsu.

Da rana balan-balan ɗin ya fashe kamar yadda ka tsara, laimar da ka haɗa wa akwatin ta buɗe ta sauko da shi. Wayarka ta nuna ya faɗi cikin dajin da manoma suka daina shiga tun bara saboda 'yan bindiga. Mama ta riƙe maka riga. Ka ce, "Mama, zuwa da dawowa ne kawai." Ka ɗauki abokinka Buba a babur, tunda ya yi kiwo a can, ya san hanya.

Jiya da safe Fasto ya tsinci akwatin a ƙofar coci. Ba wanda ya ga mai ajiyewa.

Na sa katin kyamarar a kwamfutarka. Yaya, ka yi nasara. Watan ya fito, har inuwar da ke cikin ramukan ana gani. Amma kyamarar ba ta daina ɗauka ba bayan ta faɗi. Ciyawa, ciyawa, sai hoton ƙarshe: ƙafafun mutum uku da bakin bindiga. Na duba takalman sosai, babu naka, babu na Buba.

Ban nuna wa kowa ba. Samari sun fara taruwa a bakin kasuwa suna ambaton rugar su Buba, alhali matarsa kullum tana gidanmu tare da Mama. Ina tsoron abin da hoton nan zai tayar, ina kuma tsoron ɓoye shi. Da kana nan, kai zan tambaya.

Ubangiji ya tsare ku a inda kuke, ya sa tausayi a zuciyar waɗanda ke riƙe da ku, ya dawo da ku biyun kafin garin nan ya gaji da jira. Amin.

Ƙanwarka,
Ladi