Wake Nawa Zan Zuba wa Dodon Gada?

Zuwa ga aminina Nura,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da kai cewa mutanen Anacha suna lafiya. Damina ta kankama, layinku na Kasuwar Relief ya koma taɓo kamar kullum. Ni ne dai hankalina bai kwanta ba tun Lahadin da ta wuce, kuma ban da kai ba wanda zai gane dalili.

Ka yi haƙuri in ɗan yi bayani saboda masu leƙen wasiƙar nan. Wasan da ka koyo lokacin karatunka a Inugu nake nufi. Mutum ɗaya yana jan labari, sauran kowa da jaruminsa. In an ci karo da dodo sai a jefa dayis, irin na ludo amma mai fuska da yawa, shi ke faɗin wanda saransa ya ci. Ran kowane jarumi ƙwayoyin wake ne a murfin kwano. Duk bugun da ya sha, a ɗebe. In wake ya ƙare ya mutu, ba ya dawowa. Ni ne mai jan labari, don haka ni ke zuba wa dodo nasa waken kafin a zauna.

Ka tuna ranar da Babanka ya same mu a barandar shagonsa, ya ga dayis, ya ce caca muke yi da wakensa? Kai ka lallashe shi. Ka kafa doka cewa ba a sa ko kwabo, kuma kowa zai jefa dayis a faranti a gaban jama'a, har da ni. Ka ce a wasu wuraren mai jan labari yana ɓoye nasa a bayan kwali, in ya ga jarumi zai mutu sai ya yi ƙarya ya cece shi. Mu ba mu da kwali. Na yaba maka sosai a lokacin. Yanzu dokar nan taka ce ta shaƙe ni.

Bayan rasuwarka mun daɗe ba mu taɓa farantin ba. Rannan da la'asar muna zaune jugum, ni da Emeka mai gyaran waya da Bilya, sai ga Baba ya fito daga shago ya zauna a bencinka. Ya tambaya wanne jarumi ne naka. Muka ce Gambo maharbi. Ya jawo murfin waken Gambo gabansa, ya ce a koya masa.

Da ka ga Baba yana wasa, Nura, da ka yi dariya har da hawaye. Ba ya shiga kogon dodo sai ya yi sallama. Ba ya harbi sai ya tambayi laifin da abin ya yi. Amma bai taɓa cewa "ni" ba. Kullum "yaron nan" yake cewa: yaron nan zai hau bishiya, yaron nan bai ci abinci ba.

To ka ga inda matsalar take. Tunda ba zan iya murɗe dayis ba, sai na koma murɗe dodanni. Na kawo kura gurguwa. Na kawo aljani mai tari, wanda kibiya ɗaya ta gama da shi. Emeka ya dube ni ya ce, "Oga, na goat you bring?" wai akuya na kawo musu. Kowa ya yi dariya ban da Baba. Ya sa hannu ya kwashi waken aljanin, ya jinjina a tafinsa yadda yake yi wa kaya a kasuwa. Ya ce, "Sadiku, ka auna mana da mudun da kake auna wa Nura." Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Gobe kuma dodon ƙarƙashin gada ne, wanda ka yi ta ɗokin haɗuwa da shi. Tun safe nake zuba wake ina ragewa. In na ƙara ɗan kaɗan, dodon zai daɗe a tsaye, bugunsa biyu masu kyau za su kwantar da Gambo, kuma jarumin Bilya, mai ba su magani, sau ɗaya maganinsa yake aiki. In na rage, hannun Baba zai gane. Na bi abin da ka koya mini: a cikin labarin na watsa ƙasusuwa a bakin ruwa don su san da wa za su kara, na ɗaure musu kwale-kwale a gefe don mai son gudu ya samu hanya. Ka sha ce mini dodon da ba a iya guje masa zalunci ne, wanda ba ya iya kisa kuma raini ne. Amma ka san mahaifinka. Ba zai taka kwale-kwalen nan ba.

Wallahi tsoro nake ji. Ina tsoron in zama ni ne zan miƙa hannu in ɗauke ƙwayar ƙarshe daga gaban tsohon nan, a barandar da ka yi rarrafe.

Akwai abin da ba mu taɓa zancensa da shi ba. Da motarku ta faɗi bayan Lakwaja, mutanen wani ƙauye da ke kusa suka yi maka wanka da salla suka binne ka kafin rana ta faɗi, Allah ya saka musu da alheri. Ko da Baba ya isa washegari, tudun ƙasa kawai aka nuna masa. Bai yi kuka a gabanmu ba, ya dawo ya buɗe shago.

Ranar Lahadin nan, ina naɗe tabarma, ya tsaya a kaina ya yi ƙasa da murya. Ya ce, "In yaron nan ya faɗi, ana bari a yi masa sutura a cikin wasan?" Na ce ana bari, Baba. Ya gyaɗa kai ya ce, "To shi ke nan. Wannan karon dai ina wajen."

Saboda haka na cika wa dodon murfinsa, daidai yadda zan cika in da kai ne a bencin. Ban ƙara ko ɗaya ba, ban rage ba. Na rufe kwanon na ajiye.

Allah ya jiƙanka, Nura, ya haskaka kabarinka a can inda ba ma iya zuwa kullum. Allah ya sanyaya zuciyar Baba, ya ba shi abin da ya zo nema a bencinka, ko ta wace fuska dayis ya faɗi. Ni kuma ya ba ni ƙarfin jefawa a tsakiyar faranti. Amin.

Naka har mu haɗu,
Sadiku mai jan labari